Yadda Ake Zaɓar Wayar Tecno Da Ta Dace Da Kai A Kaduna

Yawancin masu shiga kasuwa sayen waya a Kaduna tun daga gida suke yanke shawara a kan kamfani. Mutum zai ce Tecno yake so, don ita ya saba riƙewa, kayan gyaranta ba sa wuyar samu, kuma duk mai gyaran waya daga Kawo har Sabon Tasha ya san cikinta. Kai yana ɗaurewa ne idan aka tsaya gaban gilashin shago. Ga Pop, ga Spark, ga Camon, ga Pova, ga Phantom, kowacce da lambarta, wata an liƙa mata Pro, wata Go, wata 5G. Yaron shago kuwa, wadda ta fi kawo masa riba ko wadda ta daɗe a kanta zai fara miƙo maka.

Na daɗe ina raka 'yan'uwa da abokai wannan ciniki, kuma abin da ya fi damuna shi ne ganin mutum ya tara kuɗi da gumin goshinsa ya sayi suna kawai. Aikin da za ka yi da waya da kayan da aka zuba a cikinta su ne ya kamata su zaɓa maka. Tecno ta kamfanin Transsion ce da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, wanda kuma shi ke da Infinix da itel, saboda haka wannan hanya za ta yi maka aiki ko da cikin waɗancan za ka zaɓa.

Abin da za ka tanada kafin ka fita

- Takarda da biro.
- Layinka da kake amfani da shi kullum, da ɗan fil ɗin buɗe gidan sim.
- Wata waya mai data, taka ko ta aro, don duba bayanai a intanet.
- Fawa bank da igiyar caji, sai kuma iyafis mai igiya in kana da shi.
- Kuɗinka, tare da 'yar rara da ba za ta shiga cinikin wayar ba.
- Mutum ɗaya da ya san waya kuma ba shi da alaƙa da mai shago. In babu, wayar nan mai data za ta tsaya a madadinsa.

Mataki na 1: Rubuta aikin da wayar za ta yi

Zauna ka rubuta abu uku da ka fi yi da waya a rana, ka jera su bisa muhimmanci. Ka faɗa wa kanka gaskiya. Mai keke Napep da ke yini tsakanin Rigasa da Kasuwa batir yake buƙata da fuskar da za ta nuna a tsakar rana. Hajiya mai sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp kyamara take buƙata wadda ba za ta mayar da ja ruwan goro ba, da wurin ajiyar hotuna mai yalwa. Ɗalibin KASU ko Kadpoly yana son wadda za ta buɗe manyan takardun karatu ba tare da maƙalewa ba. Mai sana'ar POS yana son wadda zai tsallaka daga manhajar banki zuwa saƙo ya dawo ba ta rufe masa ba. Baba da ke kira yana sauraron karatu ba ya buƙatar ko rabin wannan.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne rubuta "komai". Wayar da ta iya komai akwai ta, amma kuɗinta daban ne.

Mataki na 2: Tsayar da kuɗi

Sa iyaka, ka cire kuɗin riga da gilashin kare fuska daga ciki tun yanzu. Farashin waya dala yake bi, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin bai zauna wuri ɗaya ba, don haka kada ka dogara da abin da abokinka ya saya watannin baya. Tambayi farashin yau a shago uku. A kan titin Ahmadu Bello Way da kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi shaguna suna kusa da juna, zagayen ba zai ci maka lokaci ba. Ka shiga shago da ƙafarka, kada ka bari 'yan kayi-nayi na bakin hanya su ja ka, domin la'adarsu daga aljihunka za ta fita.

Mataki na 3: San gidajen Tecno

Pop ita ce ta ƙasa. Kira, WhatsApp, Facebook, rediyo, tocila. Yawancinsu suna zuwa da Android Go, wato Android da aka rage wa nauyi don ƙananan wayoyi. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: in ka ɗora mata manhajoji da yawa za ta yi nauyi, kuma ba laifinta ba ne.

Spark ita ce ta talaka mai neman rufin asiri, kuma a cikinta aka fi ruɗewa, saboda gidan yana da faɗi. Spark Go kusan Pop ce da aka canza wa riga, yayin da Spark mai Pro takan taka sahun Camon.

Camon an gina ta ne a kan kyamara, ta gaba da ta baya, kuma galibi fuskarta ta fi kyau. Pova batir da wasan gem aka yi ta dominsu, tana da girma da nauyi a hannu. Phantom ita ce ta sama, har da masu naɗewa irin Phantom V Fold da V Flip da suka fito a 2023. In kuɗinka ya kai Phantom, ka fara tambayar kuɗin canjin fuskarta da inda ake samu kafin ka tambayi kuɗin wayar.

Daga takardarka ta mataki na 1, zaɓi gida ɗaya ko biyu. Sauran ka manta da su.

Mataki na 4: Karanta abin da ke ciki

Nan ne cinikin yake, don haka ka natsu. Ɗauki wayar nan mai data ka shiga shafin Tecno ko GSMArena, wani shafi mai tara bayanan wayoyi, ka rubuta cikakken sunan wayar, har da Pro ko 5G ɗin da ke ƙarshe. Abu huɗu za ka kwafa a takarda ga kowace waya.

Na farko firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da wayar. Shi ne abin da ba a cika rubutawa da manyan baƙaƙe a kwali ba, kuma shi ke yanke hukuncin ko wayar za ta yi maka shekara uku lafiya ko za ta fara jan ƙafa bayan wata shida. Ba sai ka san yadda yake aiki ba, ka dai san jerinsu. Unisoc irin T606, wanda ke cikin Pop 8 da Spark Go 2024, na ƙananan ayyuka ne. Helio G85 da G88 suna tsakiya. Helio G99 ya fi su sauri, ya fi su tattalin batir, kuma bai kai su ɗaukar zafi ba, abin da za ka gode masa a watan Maris da Afrilu. Dimensity kuma su ne masu 5G, kuma a cikinsu masu lamba dubu takwas zuwa sama su ne manya.

Ga dalilin da ya sa na ce suna ba ya isa. Camon 20 da ta fito a 2023 Helio G85 ne a cikinta. Spark 20 Pro kuwa, wadda a suna ƙanwarta ce, Helio G99 take ɗauke da shi. Wanda ya sayi Camon 20 don yana ganin Camon ta fi Spark ƙarfi, ya samu fuska mai kyau, amma a sauri an bar shi a baya. Haka nan Camon 20 Pro da Camon 20 Pro 5G: ta farko G99 ce, ta biyu Dimensity 8050, tazara mai yawa a tsakaninsu, alhali baƙi biyu ne kawai suka raba sunayensu.

Na biyu ram, wato wurin da waya ke riƙe manhajojin da ke buɗe suna aiki. A nan ake yi wa mutane wayo da lissafi. Za ka ga an rubuta 16GB da ƙaton rubutu a jikin kwali, da ɗan tauraro a gefe. Juya kwalin ka nemi ƙaramin rubutun, za ka ga 8GB+8GB. Takwas ɗin farko ne ram na gaskiya. Na biyun aro ne aka yi daga ma'ajiyar wayar, abin da Tecno ke kira Memory Fusion, kuma bai kama ƙafar na gaskiya a sauri ba. Idan yaron shago ya ce maka, "Yallaɓai, wannan ram sha shida ce," ka ce masa, "Ɗan'uwa, nawa ne na asali a ciki?" A ganina 4GB na asali shi ne mafi ƙaranci ga mai manhajar banki da WhatsApp, 8GB kuma shi ne kwanciyar hankali. Mai 2GB ko 3GB sai dai ga wanda kira ne babban aikinsa.

Na uku ma'ajiya. 64GB ba 64 za ka tarar ba, domin manhajojin da suka zo da wayar sun riga sun ci kasonsu. Ka ƙara da guruf ɗin dangi, na unguwa, na 'yan makaranta, kowanne ana zuba bidiyon biki da wa'azi dare da rana. Cikin 'yan watanni za ta fara kukan ta cika, kuma waya in ta cika nauyi take yi. In da hali ka fara daga 128GB. In babu hali, ka tabbatar tana da gidan katin memori, ka kuma sayi katin a shagon da ka amince da shi, saboda na jabu sun yi yawa kuma sukan cinye hotunan mutum ba sallama. Ka lura, waya ɗaya takan zo kashi biyu ko uku, mai 128 da mai 256, mai ram 4 da mai 8. Idan ka ji wani shago ya karya farashi sosai, duba wane kashi yake nufi.

Na huɗu batir da caji. Da mAh ake auna girman batir. Yawancin Tecno kusan 5000mAh ne, Pova kuma takan kai 6000, har akwai Pova 2 da Pova 3 masu 7000. Amma a garin da za a iya kawo wuta a ɗauke kafin ka gama wanka, saurin caji ya kusa fin girman batir muhimmanci. Ana auna shi da W. Pop 8 tana da 10W, Spark 20 tana da 18W, Spark 20 Pro 33W, Pova 5 kuma 45W. Mai 10W sai ta kwashe sa'o'i kafin ta cika, mai 33W zuwa sama kuwa rabin awa na janareta a shagon maƙwabci zai ba ka abin da za ka yini da shi.

Ka ƙara da duba lambar Android ɗin da ta zo da shi. Ƙananan wayoyi ba kasafai ake ɗaga musu Android zuwa sabo ba, manhajoji kuma suna daina aiki a kan tsofaffi. WhatsApp ya yi haka a watan Oktoban 2023 ga duk wayar da Android ɗinta bai kai 5.0 ba, bankuna ma suna yin irin nasu. In waya biyu sun yi kunnen doki, ɗauki mai sabon Android.

Mataki na 5: Fuska da kyamara, da idonka

Waɗannan biyun ba a takarda ake gane su ba. Roƙi mai shago ya ba ka ta gwaji, ka ƙure haskenta, ka fita da ita bakin ƙofa inda rana take. In sai ka kare da tafin hannu kafin ka karanta rubutu, mai yini a waje ya haƙura da ita. Fuska mai FHD+ ta fi mai HD+ fitar da ƙananan rubutu, abin da mai karatu a waya zai ji a idonsa. Fuska irin AMOLED ta fi irin LCD kyawun launi, amma ranar da ta fashe za ka san bambancin a aljihu. Mai lanƙwasasshen gefe irin Spark 20 Pro+ tana da kyau a hannu, sai dai samun gilashin kariya da zai zauna mata daidai aiki ne, kuma gefen nan shi ke fara dukan ƙasa. Tsaya wajen mai gyara ka tambayi kuɗin fuskar kowacce kafin ka biya.

A kyamara kada yawan idanu a bayan waya ya ruɗe ka. A ƙananan wayoyi ido ɗaya ne ke ainihin aikin, sauran taimako suke yi kaɗan. Yawan megafiksel ma ba shi ne kyawun hoto ba. Ɗauki hoto uku: fuskar wanda ya rako ka a cikin shago inda haske bai da yawa, rubutun wani rasit, da wani yadi ko hula mai launi. Buɗe kowanne ka ja shi ya girma. Fuskar ta fito da kalar fatarsa ko an shafe ta kamar an yi mata hoda? Rubutun yana karantuwa? Launin shi ne wanda idonka ke gani? Mai sayar da kaya ta intanet ta fi kowa buƙatar gwaji na uku, don kada mai saye ya ce ba kalar da ya gani a hoto aka aiko masa ba. In bidiyo ko hoton dare ne sana'arka, nemi wadda aka rubuta OIS a bayananta, shi ke rage rawar hannu.

Mataki na 6: Sabis

MTN ta fara 5G a Najeriya a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023, kuma ba ko'ina ya kai ba. Kafin ka ƙara kuɗi saboda 5G, tambayi wani mai irin wayar a unguwarku ko wurin aikinka ko alamar tana hawa masa. In ba ta hawa, Helio G99 mai 4G ya ishe ka, ka sa rarar a ma'ajiya. Abin da ba a sasauci a kansa shi ne 4G. Sa layinka a wayar ka ga alamar ta fito, ka buɗe wani shafi, ka kira wani ka ji muryarsa shi ma ya ji taka.

Mataki na 7: Rage su zuwa biyu

Yanzu takardarka tana da waya uku ko huɗu da bayanansu. Soke duk wadda ta faɗi a abu na farko da ka rubuta a mataki na 1, komai kyawunta. Cikin biyun da suka rage, ka yi ƙoƙari ɗaya ta zama babbar bara, ɗaya ƙaramar bana. Idan sabon jeri ya fito, farashin na baya yakan ɗan sauka, kuma sau da yawa mai Pro ta bara ta fi marar Pro ta bana ƙarfi a kuɗi kusan ɗaya. Sabuwar lamba ba kullum take zuwa da sabon firosesa ba, wani lokaci bayan wayar kawai aka sake wa zane. Ni dai ba na wuce shekara biyu baya, saboda batirin da ya daɗe a kwali da kuma maganar Android.

Mataki na 8: Tantance ta kafin kuɗi ya bar hannunka

Duba kwalin da kyau, a rufe yake da hatiminsa ko an sake liƙe shi. A buɗe a gabanka. Kunna wayar ka danna *#06#, lambobin IMEI, wato lambobin shaidar wayar, za su fito, guda biyu ga mai layi biyu, kowacce lamba 15. Su yi daidai da na jikin kwali ɗaya bayan ɗaya. Shiga setin, wajen bayanin waya, ka ga suna, ram da ma'ajiya sun dace da abin da ka biya. In kana da shakka, sauke manhajar CPU-Z ko AIDA64, za su nuna maka ainihin firosesan. Manhajar Carlcare, wato masu gyaran wayoyin kamfanin a hukumance, tana zuwa a cikin wayar, kuma ta nan ake duba garanti. In ta nuna garantin ya daɗe da fara ƙirga, an taɓa amfani da wayar.

Jona fawa bank ka ga tana ɗaukar caji ba sai an karkata igiya ba. Gwada sifika, makirfo, gidan sim biyu, wurin ɗora yatsa. Tabbatar cajar cikin kwalin ita ce ta asali mai W ɗin da aka rubuta, domin akan musanya ta da ƙarama.

Rasit ya zama mai sunan shago, kwanan wata, cikakken sunan wayar da IMEI. In tiransifa za ka yi, sunan asusun ya zama wanda mai shago ya tabbatar da bakinsa. Tambaye shi ƙarara: in ta ba da matsala cikin kwanakin farko canzawa zai yi ko Carlcare zai tura ka? Abin da ya faɗa a rubuta a bayan rasit. A ƙa'ida garanti ba ya ɗaukar fashewar fuska ko shigar ruwa, kuma in wani mai gyara na waje ya buɗe ta, garantin ya lalace.

Mataki na 9: In kuɗin bai kai ba

Hanya ta farko, ka sauka a ado ka riƙe ƙarfi: bar AMOLED da babbar kyamara, ka riƙe firosesa da ram.

Ta biyu, biya kaɗan-kaɗan, irin tsarin Easybuy da ake yi a shaguna da dama. Ka sa a lissafa maka jimillar abin da za ka biya har ƙarshe, ka kwatanta da farashin kuɗi hannu, ka kuma sani cewa ana kulle wayar in aka saɓa lokacin biya. Ka tambayi malamin da ka amince da shi game da ƙarin da ke ciki in zuciyarka ba ta kwanta ba.

Ta uku, ta hannu, kuma a nan ake buƙatar taka-tsantsan fiye da ko'ina. Kada ka sayi waya a hannun wanda ya tare ka a hanya yana sauri, komai arharta. Wayar sata ana bin sawunta ta IMEI, kuma wanda aka samu da ita a hannu shi zai fara amsa tambaya a ofishin 'yan sanda. Nemi kwali da rasit na asali. In babu, a rubuta takardar ciniki da sunan mai sayarwa, lambarsa, IMEI da shaida. Sa shi ya cire asusunsa na Google da hannunsa, sannan a goge wayar gaba ɗaya a gabanka, a sake kunna ta har ta shiga ciki ba ta nemi tsohon asusu ba. Wannan gogewar takan kuma tona wayar da ba a gama biyan bashinta ba, musamman in ka jona ta da intanet nan take. Ɗora ta a kan teburi ka duba ko bayanta ya kumbura, alamar batir ya tashi aiki. Dubi gefen fuska ko akwai sauran gam, wanda ke nuna an canza ta. Haska tocila cikin ramin caji, domin ƙurar hunturu tana taruwa a nan har ta hana caji zama.

Mataki na 10: Ranar farko

Sa riga da gilashin kariya kafin ka bar kasuwa, ka bari mai shagon ya liƙa maka. A gida ka shiga da asusunka na Google, ka rubuta adireshin da kalmar sirrin a takarda ka ajiye tare da kwali da rasit, saboda yawancin masu zuwa a yi musu filashin mantuwar wannan ce ta kai su. Kunna tsarin Google na neman waya in ta ɓata, ka sa makulli a fuska da kuma lambar sirri a kan sim ɗinka, tunda da layin ake shiga asusun banki. Goge manhajojin da suka zo da ita waɗanda ba ka buƙata, waɗanda suka ƙi goguwa ka kashe musu sanarwa. A WhatsApp ka hana bidiyo sauka da kansa.

Sannan ka yi amfani da ita sosai a kwana biyun farko: kira mai tsawo, bidiyo, caji daga ƙasa har ta cika. In tana zafi ba a komai, ko tana mutuwa da kanta, ko batirin yana zuba tana ajiye, mayar da ita da kwalinta da rasit kafin wa'adin da aka rubuta maka ya cika.